Mota ba ta lotse ba, amma wuya ya ƙage: me lissafi ya ce game da karon baya?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masu ilimin lissafi da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Yayata tana tsaye da motarta a wata mahaɗa kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, sai wata mota ta zo ta buge ta ta baya. Bamba ce kawai ta ɗan tsage, ko fitila ba ta fashe ba, kuma a wurin ta ce ba ta ji komai ba, aka yi sulhu kowa ya kama gabansa. Washegari ta tashi wuyanta ya ƙage, ba ta iya waiwaye, ga ciwon kai da ke tasowa daga ƙeya. Da muka sanar da mutumin, sai ya ce bugun da bai fasa fitila ba ba zai taɓa wuyan mutum ba, wai kuɗi muke nema. Shin akwai yadda ilimi zai raba wannan gardama?

Mai Gareji: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ɗana, na tsufa a gyaran mota a Zango, kuma zan faɗi abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. An sha kawo mini mota bayanta ya shige har kujera, mai ita kuwa yana tsaye yana ciniki da ni lafiyarsa lau, an kuma sha kawo wadda fenti kawai ya goge, mai ita yana juyowa da dukan jikinsa domin wuya ya ƙi juyawa. Ban san dalili ba, amma idona ya hana ni yarda da maganar mutumin nan.

Malamin Fizik: Baba, abin da idonka ya gani lissafi ya yarda da shi. Jikin wanda ke zaune cikin mota bai san gudun motar da ta bugi tasa ba. Abin da yake ji shi ne yadda gudun motar da yake ciki ya canza, da tsawon lokacin da canjin ya ɗauka. Idan muka riƙe waɗannan biyun, saura duk bayani ne.

Akwai abin da muke koya wa ɗalibai a lise, wanda za mu kira ƙarfin tunkuɗa, wato nauyin abu a ninka shi da gudunsa. Dokar da ke kansa, wadda ke fitowa daga dokokin motsi da Newton ya wallafa a 1687, ita ce jimillar wannan ƙarfi kafin karo da bayansa ɗaya ce, ba ya ɓacewa, sai dai motocin su raba shi a tsakaninsu. Mu ɗauki motoci biyu, kowace mai nauyin kilo 1200, ɗaya a tsaye, ɗayar ta zo da gudun kilomita 20 a awa. Idan bayan karon suka tafi tare, nauyin ya zama kilo 2400, dole gudun ya zama rabi, wato 10. Ke nan motar da ke tsaye ta tashi daga sifiri zuwa kilomita 10 a awa, wanda ya yi daidai da kusan mita 2.8 a daƙiƙa.

Kilomita 10 a awa gudun keke ne a hankali, shi ya sa mutane ke raina shi. Sai dai karon mota yakan fara ya ƙare cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Idan ka raba 2.8 da 0.1 za ka samu 28, wato hanzarin motar, yawan ƙaruwar gudunta a kowace daƙiƙa, kuma jan da ƙasa ke yi wa abin da ya faɗo 9.8 ne kawai, saboda haka an fizgi motar da hanzarin da ya kusa ninka jan ƙasa sau uku. Wannan ma matsakaici ne, a tsakiyar bugun abin ya fi haka. Kujera tana tura baya da kafaɗu gaba da wannan ƙarfi, kai kuwa babu abin da ke tura shi sai wuya, in dai ƙeya ba ta jingine da wani abu ba.

Ɗalibin Jami'a: Malam, ina neman izini in ƙara da ɓangaren makamashi, domin shi muke yi yanzu a Jami'ar André Salifou. Makamashin motsi rabin nauyi ne a ninka da gudu sau biyu, wato gudu sau gudu. Motar kilo 1200 mai gudun kilomita 20 a awa tana ɗauke da kusan jul 18,500 (jul shi ne ma'aunin makamashi). Bayan karon, motocin biyu da ke tafiya tare da gudun 10 suna da kusan jul 9,250 kawai. Rabin ya tafi wajen lanƙwasa ƙarfe da zafi da ƙara. A fahimtata, wannan ne amsar Baba: motar da ta lotse ta shanye makamashin, bai kai ga mutum ba, wadda ba ta lotse ba kuwa ta miƙa masa shi duka.

Malamin Fizik: Lissafinka daidai ne, ƙanena, amma jimlarka ta ƙarshe tana bukatar gyara, domin ita ce kuskuren da ya fi yawa a wannan batu. Ko motar ta lotse iya lotsewa, ba za ta iya rage canjin gudun nan ƙasa da kilomita 10 ba, saboda ƙarfin tunkuɗa ne ya yanke shi, shi kuwa ba a shanye shi. Lotsewa tana yin abu biyu ne. Na farko tana hana motocin yin tsalle su rabu. Da a ce ƙarfen zai dawo da duk abin da aka matsa masa, da ta baya ta tsaya cak, ta gaba ta tafi da 20 ɗin gaba ɗaya. Motocin gaske suna tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kuma a ƙaramin gudu ne suka fi yin tsalle, domin bamba tana matsuwa ta dawo yadda take. Idan gudun rabuwarsu ya kai kashi 30 cikin 100 na gudun haɗuwarsu, canjin gudun motar gaba zai zama 13 maimakon 10, alhali idan ka duba bambar ba za ka ga komai ba.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, lotsewa tana tsawaita lokacin bugun. Ka lura da magina a Birni idan ana jefa musu tubali suna kan katanga: mai cafewa yana barin hannuwansa su bi tubalin kaɗan kafin ya tsayar da shi, ba ya sandarar da su. Tubalin ɗaya ne, gudunsa ɗaya ne, amma tsayarwar ta ɗauki lokaci, sai ƙarfin da hannu ke ji ya ragu. A kan wannan tunani injiniya Béla Barényi ya tsara motar da gabanta da bayanta za su murƙushe tsakiyarta ta tsaya, kamfanin Mercedes ya fito da ita kasuwa a 1959.

Ma'aikacin Inshora: Malam, ban musa lissafinka ba, amma bari in faɗi ɗaya ɓangaren, tunda kullum irin waɗannan takardu nake gani. Da wannan lissafin naka, abin da ya faɗo daga tsayin santimita 40 yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 10 a awa. Wane ne bai taɓa dirowa daga kan benci ba? Ban ji wanda ya kwanta saboda haka ba. Ban da wannan, a 1996 mujallar likitoci ta Lancet ta buga binciken da aka yi a Lituwaniya, a lokacin da mutanen ƙasar ba su saba neman diyyar irin wannan rauni ba, aka ga waɗanda aka buga ta baya ba su fi sauran jama'a fama da ciwon wuya mai daɗewa ba. A Jamus kuma an taɓa zaunar da masu sa kai cikin mota, aka yi musu ƙarar birki da ta karo ba tare da an bugi motar da gaske ba, kusan ɗaya cikin biyar ya zo da ƙorafin ciwo bayan kwana uku. Ba na cewa yayar ɗan'uwanmu ƙarya take yi, Allah ya kiyaye. Ina cewa ne tsoro da tsammani suna da nasu rabo.

Majo (ma'aikaciyar jinya): Yallaɓai, tsoro yana da rabonsa, wannan duk mai aikin jinya ya sani, kuma shi ya sa muke kwantar wa majiyyaci hankali maimakon mu firgita shi. Amma misalin benci bai hau ba. Mai dirowa ya san zai dira, ya ɗaure tsokokinsa, gwiwoyinsa sun lanƙwashe sun raba bugun, kuma ƙarfin yana bin tsawon ƙashin baya, hanyar da jiki ya saba ɗaukar nauyi. Wanda aka buga ta baya bai shirya ba, kuma ƙarfin ya ratsa wuyansa a gicciye.

Kan babban mutum yana da nauyin kilo 4 zuwa 5, yana zaune a kan ƙasusuwa bakwai da aka jera. Hotunan da aka ɗauka da na'ura mai sauri sun nuna cewa a farkon bugun, tun kafin kai ya fara komawa baya, ƙirji ya riga ya yi gaba, sai ƙasan wuya ya lanƙwashe baya yayin da samansa ya lanƙwashe gaba. Wuya ba ya yin wannan siffa a motsinsa na yau da kullum. A wannan ɗan lokaci ne ƙananan gaɓoɓin da ke haɗa ƙashi da ƙashi ta baya suke matsuwa, jijiyoyin da ke riƙe su kuma su miƙe fiye da kima, musamman wajen ƙashi na biyar da na shida. Tsoka ba ta isa ta kawo ɗauki ba, domin kafin ta ɗaure da cikakken ƙarfinta abin ya wuce.

Game da jinkirin ciwo kuwa, ƙanena Ɗan Birni, haka wannan rauni yake. Kumburi ba ya tashi nan take, shi ya sa ciwon ke bayyana bayan wasu awoyi ko washegari, wani lokaci har bayan kwana biyu ko uku. Hoton ƙashi yakan fito lafiya lau, domin karaya yake nunawa, ba ya nuna jijiya da tsoka. Tun 1995 wani kwamitin masana a Kebek ta Kanada ya kasa wannan rauni mataki-mataki daga 0 zuwa 4, kuma yawancin masu zuwa wurinmu suna mataki na 1 ko na 2, wato ciwo da ƙagewa ba tare da taɓa lakka ko karaya ba. Ka kai ta a duba ta. Idan hannunta yana mutuwa ko yana yi mata kamar tsira allura, ko ƙarfinsa ya ragu, ko tafiyarta ta canza, ko tana amai da jiri mai tsanani, to kada a kwana, a tafi babban asibiti. Kuma ina roƙo kada a kai ta wurin mai ɗori ya murɗa wuyan kafin likita ya gani.

Ma'aikacin Inshora: Hajiya, na karɓi bayanin benci. To binciken Lituwaniya fa?

Majo: Shi wannan binciken yana magana ne kan ciwon da ya daɗe shekara ɗaya zuwa uku, ba kan ciwon makon farko ba, kuma masana sun yi ta sukar yadda aka tsara shi. Wasu nazarce-nazarcen da aka tattara daga baya sun nuna kusan rabin masu wannan rauni suna ambaton ciwon wuya bayan shekara guda, ko da ba mai tsanani ba ne. Gardamar tana nan a tsakanin likitoci kan dalilin daɗewar, amma ban san mai cewa a dubi bamba a yanke hukunci kan wuya ba. Abin da aka fi dacewa a kai shi ne mai ƙaramin rauni ya ci gaba da motsa wuyansa a hankali, ya koma harkokinsa, kada ya ɗaure shi da abin tallafe wuya na asibiti makonni, domin ɗaurin yana jinkirta warkewa.

Direban Tanka: Salamu alaikum. Ni mai nake ɗaukowa daga matatar da ke kan hanyar Tanut, kuma akwai abin da nake so Malam ya lissafa mini. Mu idan babbar mota ta taɓa ƙarama a cikin cunkoso, wallahi wani lokaci direba ba ya ma jin ya taɓa wani abu, sai ihun jama'a ya tsayar da shi. Yaya na cikin ƙaramar zai ce ya ji ciwo, alhali tafiyar ba ta wuce ta mai sassarfa ba?

Malamin Fizik: Alhaji, rashin jin naka shi ne hujjar jin nasa. Ƙarfin da motocin biyu ke yi wa juna daidai yake, amma abin da yake haifarwa ya danganta da nauyin kowace. Ɗauki tanka mai tan 30 da kayanta, tana tafiyar kilomita 10 a awa, ta bugi motar kilo 1200 da ke tsaye. Bayan karon gudunsu tare zai zama kusan 9.6. Kai ka rasa 0.4 kawai, wanda ko shayin da ke hannunka ba lalle ya zube ba, shi kuwa an fizge shi da 9.6, kusan daidai da wanda mota irin tasa ta buga da gudun 20. Haka abin yake tsakanin ƙananan motoci ma. Idan mai kilo 2400, irin manyan motocin jeji da ke cike garin nan, ta bugi mai kilo 1200 da gudun 20, ƙaramar za ta samu canjin gudu fiye da 13. Idan ƙaramar ce ta bugi babbar, na cikin babbar zai samu ƙasa da 7. Saboda haka tambayar farko da ya kamata Ɗan Birni ya amsa ita ce wace irin mota ce ta bugi ta yayarsa.

Ɗan Birni: Malam, Hilux ce, kuma da wani ƙarfe da aka yi mata a gaba. Ita kuwa yayata ƙaramar Corolla ce tsohuwa.

Mai Gareji: To ga shi nan. Wannan ƙarfen ni ma ana kawo mini aikinsa, masu walda suna haɗa shi da bututu mai kauri su ɗaure shi a jikin shasi, gaba ko baya, mai mota yana murna ya tsare fitilunsa. Bisa bayanin Malam, ashe fitilar ake tsarewa da wuyan mutane. Ina kuma so in faɗi wani abu da na fi gani. Motocin hannu da ake kawo mana daga Kwatano da Lome suna zuwa da matokarin kai a kan kowace kujera, amma kafin shekara ta zagayo rabinsu sun cire, wani ya ce yana tare masa gani, wani ya ce yana ture masa hula ko rawani, mata kuma suna cewa yana ɓata ɗaurin kallabi. Motocin haya irin Hiace da aka sake wa kujeru don a ƙara fasinja, majinginarsu ko kafaɗa ba ta kaiwa.

Malamin Fizik: Baba, ka taɓo wurin da gyara ya fi araha. Wannan matokari ba don hutu aka yi shi ba. A Amurka doka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin motoci tun 1969 saboda wannan rauni kawai. Aikinsa shi ne ya tura kai gaba tare da ƙirji, domin kada wuya ya zama shi ne mai jan kan. Idan akwai tazara mai yawa tsakaninsa da ƙeya, ƙirji zai yi nisa kafin kai ya same shi, kuma lanƙwasar da Hajiya ta bayyana ta riga ta faru. Idan ya yi ƙasa da yawa, kai zai karya ta samansa ya koma baya, kuma a tuna jiki yana ɗan hawa sama a kan majingina lokacin bugun. Ƙa'idar ita ce samansa ya yi daidai da saman kai, in ya gaza kada ya sauka ƙasa da saman kunne, tazarar kuma kada ta wuce faɗin yatsu uku ko huɗu. Masu kwantar da kujera baya sosai suna tuƙi suna ƙara wannan tazara da hannunsu. Kamfanonin Saab da Volvo na Suwidin sun kai abin gaba a 1997 da 1998, na farko ya yi matokarin da ke matsowa ƙeya da kansa idan baya ya danna kujera, na biyu ya yi kujerar da ke ɗan ja da baya a hankali domin ta tsawaita lokacin bugun.

Majo: Ina ƙara da cewa alƙaluman ƙasashen da ke tattara su sun nuna mata sun fi maza kamuwa da wannan rauni a karo iri ɗaya. Wuyan mace ya fi siriri idan aka gwada da nauyin kanta, kuma an daɗe ana gwada kujeru da mutum-mutumi mai girman namiji matsakaici. Wanda kansa ke juye gefe lokacin bugun, kamar mai duban hanya a mahaɗa ko mai magana da na kusa da shi, shi ma ya fi shan wahala, domin gaɓoɓin sun riga sun murɗe.

Ɗalibin Jami'a: Malam, saura tambaya ɗaya. Idan mutum ya hango ta madubi za a buge shi, ya taka birki ko ya saki? Wasu abokaina suna cewa a saki domin motar ta gudu da bugun.

Malamin Fizik: Ya taka, ya manna ƙeyarsa da matokari, ya dubi gaba. Sakin birki yana barin motar ta karɓi fizgar gaba ɗaya, fizgar kuwa ita ce ke cutar da wuya. Taimakon birkin a lokacin bugun ba shi da yawa, tunda riƙon taya a kan kwalta busasshiya bai wuce kusan kashi bakwai cikin goma na jan ƙasa ba, bugun kuma ya kai ninki uku, amma yana hana a tura ka cikin motar gaba ko tsakiyar mahaɗa, inda karo na biyu zai same ka.

Direban Tanka: Mu kuma na baya, Malam? A hanyar Maraɗi lokacin hazo, sai ka ga mota ta ci birki a tudun rage gudu na bakin ƙauye ba ka ankara ba.

Malamin Fizik: A nan lissafin ɗalibinmu na gudu sau gudu yake nuna kansa, Alhaji. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, kuma daƙiƙa guda ko fiye takan wuce kafin ƙafa ta kai ga birki. Bayan ya taka, ƙaramar mota mai birki lafiyayye tana bukatar kusan mita 20 a kan kwalta busasshiya, mai gudun 80 kuwa kusan mita 36. Idan su biyun suka taka birki a wuri ɗaya, a daidai inda mai 60 ya tsaya cak, mai 80 yana nan da gudun da ya haura 50. Tanka mai kaya tana bukatar fiye da waɗannan mitoci nesa ba kusa ba, balle idan iska ta share rairayi ta zuba a kan kwalta, domin riƙon taya yana raguwa sosai a kansa.